Kafin Ka Tafi Zariya Koyon Zane

Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini da maganar da ta tsaya tsakaninka da mahaifinka Malam. Ta ce kai ka kafe sai ka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello, shi kuma ya ce bai ga abin da za ka ci a cikinsa ba, balle irin zanen da kake yi, wanda ba mutum, ba doki, ba masallaci, sai layuka da launuka da suka hau kan juna. Ta haɗo mini da wasu takardu daga cikin aikinka, na zauna na dube su a tsanake.

Kana da ido, wannan ba shakka. Ka san inda ja ya kamata ya tsaya, ka san wurin da za a bar fari ya sarara. Baiwa ce daga Allah, ba a sayenta a kasuwa. Amma na ga wani abu kuma, kada ranka ya ɓaci. Yawancin takardun nan, da za a goge sunanka, ba wanda zai ce ɗan Basirka ne ya yi su. Ana iya cewa daga Legas suka fito, ko daga Landan, ko daga kowace wayar hannu. Idonka ya sha kallon aikin mutanen nesa, bai zauna ya ƙare wa na ƙofar gida kallo ba. A kan wannan nake son mu yi magana, domin a ganina nan gizo ke saƙar.

Mutane da yawa a wajenmu sun ɗauka zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai kayan Turawa ne, wai sun gaji da zana fuskoki suka koma watsa fenti a kan yadi. Ina jin kai ma haka ka ɗauka, shi ya sa ka nufi can neman malamai. To cire hular da ke kanka ka juya ta a hannu. Kafin ta zo kanka, wani ya zauna a rumfa da farin yadi a cinya da biro a hannu, ya raba filin gida-gida, ya ja layi ya karya shi, ya maimaita, ya bar wani gurbi ba komai don ido ya samu wurin hutawa. Daga nan aka kai wa wata baiwar Allah a cikin gida, ta bi zanen da allura, ɗinki bayan ɗinki, tsakanin girki da raino, har makonni. Ita ta san cewa ruwan toka yana kwantar da shuɗi, ruwan goro kuwa in ya yi yawa sai ya cinye sauran. Babu tsuntsu a hular nan, babu bishiya, babu fuskar kowa. Amma ka tsaya kusa da mai huluna ranar kasuwar Sara ka ji yadda dattawa ke ciniki: wannan ta zauna, wannan zarenta na faɗa da juna, waccan ta cika hayaniya. Ba su taɓa shiga ajin zane ba, amma hukuncin da suke yankewa shi ne wanda malaman Zariya za su shekara huɗu suna gyara maka. Malam da kansa ba ya biyan kuɗin hula sai ya jujjuya ta ya nisanta ta da idonsa. Ke nan ya san wannan ilimi tun ba a haife ka ba.

Haka aska takwas a ƙirjin babbar riga, haka faifan da mata ke saƙawa da rinanniyar kaba, haka ƙoren da matan Fulani ke jerawa, haka lallen amarya. Ka tuna allon zayyana da ake yi wa yaro in ya sauke Alƙur'ani, da tawadar gawayi da ƙaro, da alƙalamin gamba, ja da rawaya da kore, gida cikin gida, ba inda layi ya kauce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne zanen gini, don shi ne ke ƙarewa muna kallo. Na ga magina na da suna yin sa. In an gama yaɓe, tun ƙasa na da danshi, maginin zai ja da baya ya yi shiru yana kallon bango, ba takarda ba ma'auni. Sannan ya matso ya manna curin ƙasa, ya bi shi da yatsu da gefen tafin hannu yana tayar da layi, ya murɗa shi ya zama dagi, ya sake shi ya zagaye ƙofar zaure. In ya ga wani ɓangare ya yi nauyi sai ya shafe nan take ya sake, domin ƙasa tana bushewa, ba ta jiran mai dogon tunani. Bayan haka a kawo makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bangon ya yi duhu ya kuma jure ruwa, ko a bi zanen da farar ƙasa ya fito ras. Ga zankwaye a sama. Mai wucewa tun daga nesa ya san gidan mai hali ne, ya kuma san hannun wane magini ne, don kowanne da irin murɗarsa.

Irin wannan aiki ne za ka gani a fadar Dutse da ke Garu, da lungunan birnin Zariya da na Kano, da unguwar Birni a Damagaram. Kuma a cikin masu shi akwai waɗanda sunansu ya zaga duniya. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma har yau masu nazarin gini suna zuwa kallon bakan gizonsa da adon ginshiƙansa. Shi ne kuma ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki, nan ƙasar Bauchi maƙwabtanmu. A Nijar, a garin Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa ado shekara da shekaru, hasumiya huɗu kowace da kamanninta, har aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mutumin karkara ne kamar mu, da ƙasa ya yi aikinsa.

In kuma tsufa ake nema, ba mu da abin jin kunya. Duwatsun Birnin Kudu suna nan, Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, da zanen shanu a jikinsu wanda ba wanda ya san sunan masu shi. A tsakiyar shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo ya yi nazarinsu, ya kuma sanar da duniya labarin duwatsun nan da ke ƙara kamar kuge in an buga su. Yanzu suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Shanun da ke jikin dutsen ba su da tozo, ba irin bunajin da Fulaninmu ke kiwo yau ba ne, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka an daɗe. Abin da nake so ka lura da shi in ka je, shi ne yadda mai zanen ya zaɓi abin da zai ɗauka. Ya kama tsawon ƙaho da shimfiɗar gadon baya da tsayuwar ƙafafu, sauran ya bar su. Bai tsaya ƙirga gashi ba. Sanin abin da za a bari shi ne rabin sana'ar da kake nema, kuma ga wanda ya san shi a ƙasarmu tun kafin a san takarda. Akwai irinsu a Shira da Geji a jihar Bauchi. Abin takaici, yaro zai yi shekara shida a makaranta a Birnin Kudu ya fita bai taɓa leƙa wurin ba. Kada ka zama cikinsu. Kuma in ka je, don Allah kada ka rubuta sunanka a jikin dutse, kada ka shafa zanen da hannu.

Na san akwai wani abu da ke ran Malam wanda bai faɗa ba, wato maganar addini. Ba ni ne mai ba da fatawa ba, amma abin da malamai ke karantarwa sananne ne: tsananin yana kan siffanta abu mai rai. Sukan kawo labarin wani mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, yana kukan cewa da ita yake ci, shi kuma ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan na cikin dalilan da suka sa Musulmi, daga Andalus har Farisa har Kano, suka zuba basirarsu a kan rubutu da layi da ganye da launi. Don haka hanyar da zuciyarka ta karkata gare ta tsohuwar hanyar Musulmi ce. A makaranta za a sa ka zana abubuwa iri-iri don horar da hannu. Duk abin da ya shige maka duhu, ka kai shi gaban malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, kada ka yanke wa kanka hukunci don son rai.

Bari in kai ka nesa kaɗan, ƙasar Filifin, tsibiran nan na kudu maso gabashin Asiya da Sifaniyawa suka mulka fiye da shekara 300, Amurka kuma ta karɓa daga 1898 zuwa 1946. Na zaɓe ta ne don sun sha irin ruwan da muka sha: makarantun zanensu a kan salon Turai aka gina su, yaro mai basira kuma burinsa ya haye teku.

José Joya, haifaffen Manila a 1931, ya gama Jami'ar Filifin a 1953, ya je Madrid, ya wuce Amurka ya yi digiri na biyu a makarantar Cranbrook. A lokacin ana yayin manyan zane-zane da ake zuba wa fenti da ƙarfin dantse, ya koya, ya ƙware. Aikinsa da ya fi shahara a 1958 ya yi shi, faɗinsa ya kai mita 3, rawaya ta rinjaye shi, ya cakuɗa fenti da yashi har kaushinsa na fitowa. Sunan da ya sa masa, Granadean Arabesque, yana nuni ga zayyanar Musulmin Andalus a birnin Garanada. Ka ga mutumin Manila bai ji nauyin jingina babban aikinsa ga adon magina Musulmi ba. A 1964 ya wakilci ƙasarsa a babban bajekolin zane na birnin Fenis a Italiya. Da ya so, da ya tsaya a nan yana maimaita abin da ya karɓu. Amma daga baya sai ya juya ga siririyar takardar shinkafa, yana manna ta a kan zane yadda launi ke ratsa launi, irin ƙyallin wani ado da manoman garin Lucban ke yi da garin shinkafa mai launi suna rataye shi a gaban gidaje ranar bikin girbi. Bayan Madrid da Amurka da Italiya, a bikin manoman ƙasarsa ya samo abin da ya bambanta shi da kowa. Ya shugabanci tsangayar zane ta jami'arsu daga 1970 zuwa 1973, ya rasu a 1995, aka ba shi lambar gwanin ƙasa a 2003.

Wanda ya fi kusa da halinka shi ne Abdulmari Imao, Musulmi ɗan ƙabilar Tausug, wanda aka haifa a 1936 a Siasi, cikin tsibiran Sulu na kudancin ƙasar, nesa da babban birni kamar yadda Basirka take nesa da Legas. Danginsa masu sassaƙar jiragen ruwa ne. Ya yi karatu a Jami'ar Filifin, ya je Jami'ar Kansas a Amurka, ya dawo. Da ya dawo sai ya bi garuruwan Musulmin kudu yana nazarin okir, wato murɗaɗɗen adon ganye da reshe da suke sassaƙawa a gidaje da jirage da kayan tagulla. Ya zauna da maƙeran tagulla, ya koya daga gare su, su ma suka ƙaru da shi. Ya mayar da wannan ado manyan zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, ya haɗa da rubutun Larabci. A 2006 ya zama Musulmi na farko da ƙasar ta ba lambar gwanin ƙasa, ya rasu a 2014. Abin da mutanen birni ke ɗauka kayan ƙauye, shi ya ɗaga shi. Kuma ka lura, bai kwafi adon kakanninsa ya tsaya ba. Ya san shi ciki da waje, sannan ya yi sabon abu da shi.

Ita kanta Zariyar da za ka, wannan darasi aka san ta da shi. A 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Jimo Akolo da abokansu. Suka ce za su karɓi dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa, amma za su haɗa su da abin da suka gada. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, daga baya ya kai shi Jami'ar Nsukka ya zama makaranta guda. Bayansu aka yi Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, iyayensa mutanen Offa. Ya yi karatu a Zariya, ya koyar a can, ya shahara da tsinka fenti ya zuba a kan yadi ya bar shi ya gangara, sannan ya bi shi da hankali ya ba shi tsari. Ya rasu a haɗarin mota a 1995 a hanyarsa ta dawowa daga wani bajekoli a Legas, shekarar da Joya ya rasu. Ɗalibansa da abokan aikinsa, irin su Jerry Buhari da Mu'azu Mohammed Sani, sun ci gaba da riƙe sashen. Daga Kano kuma ga Kaltume Bulama Gana, wadda ta yi karatu a Zariya ta kuma gina aikinta a kan adon Arewa.

Abin da ke damuna shi ne, shekara da shekaru 'ya'yan wasu suna zuwa Zariya daga nesa, su zaga birni da littafin zane suna kwashe adon bangonmu da na rigunanmu, su yi suna da shi, kuma halalinsu ne tunda sun yi wahalarsa. Mu masu abin kuwa muna rushe zauren kaka mu sa bulo da siminti, mu shafa fenti ɗaya daga sama har ƙasa. Ban ce kowa ya zauna a ɗakin da ke yoyo ba. Ginin ƙasa yana son gyara duk shekara, kwano da bulo sun sauƙaƙa wa mutane. Amma ilimin da ke hannun maginin nan bai kamata a binne shi tare da tsohon bango ba, kuma ba wanda ya fi ka dacewa ya ɗauke shi. Kai ka san harshen tsofaffin, ka san yadda ake shiga zaure, an san gidanku.

Saboda haka ga roƙona. Watannin nan da kake jiran sakamako, kada ka ƙarar da su a bakin titi da waya a hannu. Ka sayi littafi mai farar takarda da fensir. Ka nemi tsofaffin magina da suka rage a Basirka da Gwaram da Fagam da Farin Dutse. Ka je da goronka, ka durƙusa ka gaishe su, kada ka fara da ɗaga waya kana ɗaukar hoto. In suna aiki ka tuɓe riga ka kwaɓa musu ƙasa, ka miƙa tubali. Hannun da bai taɓa jin nauyin ɗanyar ƙasa ba ba zai gane dalilin da ya sa layin magini yake da kauri ba. Ka tambaye su sunan kowane ado da wurin wanda suka koya, ka rubuta, har da sunan garinsu da shekarar. Mun san Babban Gwani, amma ɗaruruwan gwanaye sun tafi ba wanda ya rubuta sunansu, wannan rashi ya isa haka. Ka zauna da mai zanen hula, ka roƙi innarka ta kai ka wurin masu ɗinki da masu saƙar faifai a cikin dangi. In wata rana ka yi aiki da adon wani, ka ambaci sunansa, in ka samu kuɗi da shi ka tuna da shi ko iyalinsa.

Sai maganar hannu. Akwai samari da ke gudu zuwa irin wannan zane don suna ganin ya fi sauƙi, ba mai cewa hanci ya karkace ko ƙafa ta gajarce. Wannan yaudarar kai ce, kuma masana suna gane ta da kallo ɗaya. Joya gwanin zanen fensir ne tun yana ɗalibi, bai kuma daina ba har ƙarshen rayuwarsa. Gani Odutokun ma haka, wanda ya ga aikinsa na gawayi ya san hannu ne horarre ke zuba fentin nan. Zanen da ba horo a ƙarƙashinsa kamar geron da aka shuka a kan fako ne, zai tsiro da ruwan farko, amma ba ya kai kaka. Ka zana kuka da rani lokacin da ta zubar da ganye. Ka zana duwatsun Fagam da safe, ka koma da la'asar ka ga yadda inuwa ta sauya su. Ka zana rumbu, da danga, da amalanke, da tulu. Kullum, ko da shafi ɗaya ne, ko kana jin daɗi ko ba ka ji.

Ka kuma koyi launin ƙasarku. Fentin kanti yana da tsada, kuma kowa irinsa yake saya. Jar ƙasa da farar ƙasa, gawayi, makuba, lalle, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, baba da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano, duk launuka ne, kuma ƙaro yana riƙe da yawansu a kan takarda. Ka gwada, ka rubuta abin da ya kama da abin da ya koɗe a rana. Ɗalibin da ya isa Zariya da wannan sani ya zo da guzurin da ba kowa ke da shi ba.

Yanzu maganar Malam ta abinci, wadda ita ce mai nauyi, kuma yana da gaskiya. Wa zai sayi zane ya rataya a Gwaram? Masu sayen irin wannan aiki suna Legas da Abuja da ƙasashen waje, ba su da yawa, kuma ba sa sayen aikin wanda ba su sani ba. Za ka ji labarin cewa a 2018 an sayar da wani zanen Joya na 1959 a Manila a kan kuɗin ƙasarsu fiye da miliyan 100. Gaskiya ne, amma ka ƙirga: shekara 23 ke nan bayan rasuwarsa. Shi koyarwa ya yi. Uche Okeke koyarwa ya yi, Gani ma haka. Kusan duk wanda na ambata maka yana da aikin da ke ciyar da gidansa, zanen kuma yana girma a gefe a hankali har ya tsaya da ƙafarsa. Don haka ka riƙi sana'ar da ke kawo na cefane tun kana ɗalibi. Ka koyi tsara zane a kwamfuta, masu buga katin aure da kalanda da bangon littafi kullum suna nema. Ka koyi rubutun allon shago, kada ka raina masu shi ko masu yi wa manyan motoci ado, da yawansu sun fi masu digiri tsayayyen hannu. Ka koyi adon silin da bango na gidajen zamani, domin a nan ne nake ganin ƙofa a buɗe take: masu kuɗinmu suna gina gidaje da masallatai da makarantu, ana kwafo musu ado daga Dubai, alhali da za a samu mai kawo musu dagi da zayyanar gida cikin tsari mai kyau da kayan da ke jure zamani, da yawa za su karɓa. Ka kuma yi niyyar samun takardar koyarwa. Makarantunmu na Jigawa suna buƙatar malaman zane, yara masu ido irin naka suna nan a kowane aji ba mai ce musu komai.

Ka kula da aikinka kamar yadda ake kula da dukiya. Kowace takarda ka sa mata suna da kwanan wata a baya. Ka ɗauki hotonta da hasken rana kafin ta bar hannunka. Kada ka jingina zane da bangon ƙasa ko ka ajiye shi a ƙasa, gara da danshin damina ba sa barin takarda. In aboki ya ce ka ba shi kyauta, ka ba shi in ka ga dama, amma wanda ya sa ka aiki ku yi ciniki tun farko, ka karɓi kafin alƙalami, ka kuma cika alkawari ranar da ka faɗa. Masu sana'ar hannu da yawa rashin cika alkawari ne ya kashe musu kasuwa, ba rashin iyawa ba.

In ka shiga cikin masu zane za ka haɗu da mutane iri-iri, na kirki da waɗanda ke ganin gwaninta lasisi ne na watsar da tarbiyya. Ba ruwan basira da shaye-shaye ko barin salla. Ka zauna da kowa lafiya, Musulmi da Kirista, ɗan kudu da ɗan arewa, ka koya daga duk wanda ya fi ka, ka karɓi gyara ko da ya yi ɗaci. Za a yaba maka wani lokaci, kada ya hau maka kai. Za a kushe ka wani lokaci, kada ka karya fensir.

Game da Malam, kada ka yi masa gardama, kada kuma ka tura masa mahaifiyarka ta yi ta roƙo. Karatun da aka fara da ɓacin ran uba ba ya albarka. Ka bari sai ya idar da sallar la'asar ya zauna a zaure, ka je ka zauna a ƙasa, ka nuna masa littafinka bayan ka cika shi da aikin magina da masu hula da sunayensu, waɗanda shi ma ya san da yawansu. Ka gaya masa sana'ar da za ka riƙe don kada ka zame masa nauyi, da shekarun da karatun zai ɗauka, da abin da za ka yi in ka gama. Uba ba ya ƙin abin da ɗansa ke so don ƙiyayya, tsoro yake kada ka wulaƙanta. In ya ga tsari, zuciyarsa za ta sauko. In ya ce a dakata, ka dakata, ka ci gaba da zanenka a gida, ni kuma zan zo mu zauna da shi bayan an gama girbi, in sha Allahu.

Ranar Asabar mai zuwa ka shiga mota ka tafi Birnin Kudu, ka nemi ma'aikatan da ke kula da duwatsun su zaga da kai, ka tafi da ƙannenka biyu su ma su gani. In ka dawo ka fara da maginin da ya fi kowa tsufa a unguwarku, kada ka ce sai bayan salla, don shekarunsa sun ja. Ka aiko mini da shafukan farko in gani. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka. Ka gaishe da Malam da mahaifiyarka da duk mutanen gida.

Wassalam, kawunka.